SUNA ƊAYA, BARKONO DABAN-DABAN: YADDA ZA A GANE IRI KAFIN A YI ASARA

A ranin bara mu 'yan Ƙungiyar Matasa Manoma muka tara kuɗi, muka sayo ƙullin iri uku a kasuwa. Mai irin ya rantse mana cewa attarugu ne, a jikin takardar kuma an rubuta "Hot Pepper" da hoton jan barkono mai ƙyalli. Muka yi reno, muka dasa, muka yi wata uku muna ɗibar ruwa safe da yamma. Da 'ya'ya suka fito, sai ga shambo dogo-dogo a kunya biyar, ga wani abu mai kama da tattasai amma da yaji a kunya biyu. Attarugun gaske bai cika kunya ɗaya ba. Matan da suka yi alkawarin saye suka juya, kuɗin taki bai dawo ba. Wannan ne ya sa muka zauna muka bi diddigin al'amarin, don kada 'yan baya su faɗa ramin da muka faɗa.

Inda rikicin suna ya samo asali

Barkono ba ɗan ƙasarmu ba ne. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, musamman Meziko da ƙasashen kudu kamar Bolibiya. Da Kolombus ya isa can a 1492, yana neman masoro na Indiya ne. Ya ɗanɗana wannan tsiro ya ji yaji, sai aka laƙaba masa sunan masoro, alhali ba su da dangantaka ko kaɗan. Daga baya 'yan kasuwar Fotugal suka yaɗa shi zuwa Afirka da Indiya.

Masana ma ba su tsira ba. A 1776 wani masanin tsirrai mai suna Jacquin ya sa wa dangin attarugu suna Capsicum chinense, domin ya zaci daga ƙasar Sin ya fito. Sunan yana nan har yau, ko da yake kuskure ne.

A gida kuma kowane gari da nasa baki. Abin da Bakano ke kira attarugu, wani zai ce attaruhu, Bayarabe ya ce ata rodo. Kalmar barkono kanta wani lokaci tana nufin dukan dangin, wani lokaci ƙanana masu zafi kaɗai, wani lokaci kuma dakakken gari. A Meziko barkono ɗaya yana da suna biyu: ɗanyensa jalapeno, in an busar da shi da hayaƙi ya koma chipotle. To, ina mai ƙullin iri a kasuwar ƙauye?

Dangi biyar

Barkonon da ɗan Adam ke nomawa dangi biyar ne, amma uku ne suka fi shafarmu.

1. Annuum. A nan tattasai da shambo suke, duk da bambancin yajinsu. Furensa fari ne sol, kuma fure ɗaya ne ke fitowa a kowace gaɓa. Irinsa yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu.

2. Chinense. Shi ne dangin attarugu, tare da habanero da scotch bonnet na ƙasar Jamaika. Fure biyu ko fiye ne ke fitowa a gaɓa ɗaya, launinsa fari mai ratsin kore. Ganyensa ya fi faɗi, yana da ɗan yamutsi. Idan an duba hancin ɗan, za a ga wani ɗan maƙurewa kamar an ɗaure da zare a inda sandar ta haɗu da hular. Ga kuma ƙamshin nan da kowace uwargida ta sani. Irinsa yana da nawa wajen tsirowa, yakan kai mako uku ko fiye.

3. Frutescens. Shi ne tsiduhu da danginsa. 'Ya'yansa ƙanana ne, suna tsaye suna kallon sama maimakon su rataya, kuma tsuntsaye na sonsu ƙwarai.

Sauran biyun a Amurka ta Kudu aka fi noma su. Baccatum yana da ɗige-ɗige ruwan ɗorawa a cikin furensa. Pubescens kuwa furensa shuɗi-shuɗi ne, ganyensa da gashi, irinsa baƙi. Shi kaɗai ake iya ganewa tun daga ƙwayar iri. Sauran duk fatsi-fatsi ne, kama da wane kuma ba wane ba ce.

Da mun san wannan a bara, da tun a gadon reno mun farga, domin irinmu ya tsiro cikin kwana tara kacal.

Awon yaji

A 1912 wani mai haɗa magunguna a Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro hanyar auna yaji. Ana tsoma ruwan barkono a ruwan sukari, ana ta ƙara ruwa har masu ɗanɗano su daina jin zafi. Yawan ruwan da aka ƙara shi ne makin barkonon. Yanzu na'ura ce ke yin aikin, amma sunansa ake amfani da shi. Koren tattasai na Turawa makinsa sifiri. Dogon barkono irin cayenne yana tsakanin 30,000 da 50,000. Habanero da scotch bonnet suna tsakanin 100,000 da 350,000. A 2023 littafin Guinness ya ba wani iri mai suna Pepper X kambu, da maki fiye da miliyan biyu da rabi.

Abin lura shi ne yajin ba a cikin ƙwayoyin iri yake ba, kamar yadda da yawa muka ɗauka. Yana cikin farar jijiyar da ƙwayoyin ke manne da ita. Saboda haka tauna iri a bakin kasuwa ba zai gaya maka abin da za ka girba ba. Ƙarancin ruwa da zafin rana ma sukan ƙara wa barkono yaji.

Me ya sa iri ke sāɓa wa sunansa?

Ba kullum ne mai sayarwa ke yin ha'inci ba. Ƙudan zuma na ɗaukar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Idan an shuka tattasai kusa da shambo, 'ya'yan bana za su fito daidai, amma irin da ke cikinsu ya riga ya gauraya. Baɗi sai a ga tattasai mai yaji, kamar wanda ya fito mana. Haka kuma irin gwangwani mai alamar F1 haɗin aure ne na iri biyu. Shekarar farko yana yin kyau, amma in ka ajiye irinsa, jikokin kowa da kamarsa.

Shawararmu

Sayi iri a inda za ka iya komawa ka yi ƙorafi. Duba ko an rubuta cikakken sunan irin, da sunan kamfani, da ranar da aka ɗura shi. Hoto ba shaida ba ne. Kafin ka zuba duka, gwada ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen tsumma ka ƙirga kwanakin tsirowa. In za ka ajiye naka iri, zaɓi tsiro mai lafiya, ka lulluɓe shi da tsohon gidan sauro kafin fure ya buɗe, ka bar ɗan ya nuna sosai, ka shanya irin a inuwa, ka rubuta suna da shekara a jikin kwalbar. In ka yi shakka, nemi malamin gona. Matambayi ba ya ɓata.

Bana mun buɗe littafi na musamman a lambun makaranta, kowace kunya da lambarta da asalin irinta. Mun kuma ajiye kwalba uku ta attarugun da muka tabbatar da idonmu, mun damƙa wa malaminmu na aikin gona. 'Yan aji huɗu masu karɓar lambu a hannunmu, ga amana nan. Ku duba fure kafin ku yi wa kowa alkawari.