Gazuwal ko fetur: wace a-kori-kura ce ta fi dacewa da jan kaya?

Daga Maraɗi zuwa Garwa, daga Njamena zuwa Parakou, 'yan kasuwa da manoma da dama sun dogara da mota a-kori-kura wajen jan tirelar buhunan hatsi, tankin ruwa ko injin casar shinkafa. Mai shirin saye yakan tsaya a kan tambaya ɗaya: mai shan gazuwal, wato dizal, ko mai shan fetur? Amsar ta danganta da nauyin kaya, nisan tafiya da ingancin man da ake samu.

Inda bambancin yake

Injin fetur yana buƙatar tartsatsin fulogi kafin mai ya kama wuta. Injin gazuwal kuwa matse iska yake yi har ta yi zafi, sannan a feso mai ya kama da kansa. Wannan matsin ne ke ba shi ƙarfin ja tun injin bai yi gudu sosai ba, kuma shi ake nema lokacin tayar da kaya daga tsaye, hawan tudu ko fita daga rairayi.

Toyota Hilux misali ce mai kyau. Injin gazuwal mai lita 2.8 na samfurin 2020 mai giya otomatik yana ba da ƙarfin juyi na niyuton-mita 500 tun daga juyi 1,600 a minti ɗaya. Injin fetur mai lita 2.7 yana ba da kimanin 245, kusan rabi ke nan, kuma sai an taka shi zuwa wajen juyi 4,000. Da kaya a baya, na fetur zai riƙa kuka, direba ya yi ta sauya giya, kulochi ya riƙa wahala.

Shan mai

Litar gazuwal ta fi ta fetur makamashi da fiye da kashi 10 cikin 100, injinsa kuma ya fi iya cin moriyar man. Idan aka ɗaura tirela, tazarar tana ƙara faɗi. Sai dai kuɗin sayen motar gazuwal da na gyaranta sun fi yawa. A da, mazauna kan iyaka sun fi karkata ga fetur saboda arahar man da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira zuwa-zuwa a arewacin Kamaru, kpayo a Benin. Tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan lissafin ya sauya.

Matsalar gurɓataccen mai

Nan ne mutane da yawa suke asara. Sababbin injunan gazuwal suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi, ba sa jure ruwa ko ƙura. Jarka guda ta man gefen hanya tana iya lalata famfon mai da bututun feshi, kuma ba kowane gareji ke da na'urar gyaransu ba. Motocin da suka fito daga Turai ta Kotonu, Lome ko Duwala sukan zo da matatar hayaƙi da aka ƙera don man da ba shi da sinadarin sulfa da yawa. Idan man bai kai wannan tsabtar ba, matatar na saurin toshewa, mota ta rasa ƙarfi.

Shi ya sa direbobin karkara ba su rabu da Land Cruiser 79 mai injin 1HZ lita 4.2 ba. Ba ta da gudu, amma tana da haƙuri, kuma makanikai sun san cikinta.

Birki kafin ƙarfi

Jan kaya daban, tsayar da shi daban. Wasu samfuran Hilux na gazuwal suna da izinin jan kilo 3,500, amma fa idan tirelar tana da birkinta. Idan ba ta da shi, iyakar ita ce kilo 750. Yawancin tirelolin da masu walda ke ƙerawa ba su da birki, don haka buhu bakwai masu kilo ɗari-ɗari, tare da nauyin tirelar kanta, sun riga sun cika ma'aunin. Wanda ya ɗora fiye da haka, a gangare kayan ne za su tura motar.

To wace za a saya?

Mai jan kaya masu nauyi kullum, a doguwar hanya, kuma yana shan mai a gidan mai amintacce, gazuwal ce tasa. Mai jan ƙaramar tirela jefi-jefi, ko mai yawan zirga-zirga cikin gari, fetur ta ishe shi, gyaranta kuma ba zai karya masa jari ba.

Kafin a biya kuɗi, a duba nauyin da kamfani ya amince a ja a littafin motar, a tafi da makaniken da aka yarda da shi, a kuma tambayi hukumar sufuri irin lasisin tuƙin da babbar tirela ke buƙata.