Zanen 3D a Kwamfutar Kwaikwayo: Hanyoyi Biyu da Iyakarsu

Kwamfutar kwaikwayo manhaja ce da ke bai wa wani tsari, misali Windows, masauki a cikin wani, misali Linux. Wuyar aikin tana ga zanen 3D, wato mai tsawo da faɗi da zurfi, domin katin zane yana hannun mai masauki.

Za mu bambance hanyoyi biyu. Ta farko tafinta ce: manhajar na karɓar umarnin baƙo, ta fassara wa katin. VirtualBox ta fara hakan da OpenGL a 2008, ta kai ga DirectX 11 a 2022. Fassara na cin lokaci, shi ya sa tsofaffin wasanni ke tafiya, sababbi masu nauyi kuwa su yi ta sarƙewa. Ta biyu ita ce a miƙa wa baƙo katin ɗungurungum, kamar yadda KVM ke yi. Saurin ya kusa na asali, amma galibi sai da kati na biyu.

Abin ya shafi ɗalibanmu masu taswirar tuddan rairayi da gonakin gawo na Magarya da Dungas, waɗanda ƙaramar kwamfuta guda ce jarinsu. Shawararmu: QGIS, mai nunin 3D tun 2018, yana aiki kai tsaye a Linux, kada a cusa shi cikin kwaikwayo. Manhajar da ba ta aiki sai a Windows, kamar ArcGIS Pro, gara a ware mata sashen faifai.