Daga ƙwayar ludo zuwa hatimin malamai

Jihar Kebbi na da ƙananan hukumomi 21. Da shugabanninsu za su haɗu a Birnin Kebbi, kowa ya miƙa wa kowa hannu sau ɗaya, musafaha 210 za a yi. Na farko ya gaisa da mutum 20, na biyu saura masa 19, haka har a sauko kan 1.

Ita ma 21 ɗin ba ta rasa abin faɗa. Yaran da ke buga ludo a ƙofar gida a unguwar Nasarawa su ƙirga ɗigon ƙwayar: 1 zuwa 6, jimla 21, kuma duk fuska biyu masu ba juna baya 7 suke bayarwa.

Ɗauki kowace lamba uku a jere, ka ninka ta tsakiya sau uku, ka sami jimlarsu. 49, 50, 51? 150 ke nan.

Akwai kuma masu taurin kai: 2, 4, 8, 16, 32, 64 da duk ninkin da ya biyo baya. Kwana za ka yi kana nema, ba za ka sami lambobi masu bin juna da suka haɗa su ba. Ita kuwa 15 har hanya uku gare ta: 7+8, ko 4+5+6, ko 1 zuwa 5.

Mai kifi a Argungu da ta jefa naira 100 a asusu yau, gobe 200, jibi 300, ranar 30 tana da 46,500. Sai dai makon ƙarshe akwai jan aiki.

A aji, labarin Gauss ɗan Jamus ake ba yara: wai malami ya ce a tara 1 zuwa 100, shi kuwa ya haɗa 1 da 100, 2 da 99, ya ga 101 ce sau 50, ya rubuta 5,050. Madalla. Amma ni na fi so a fara da hatimin da ke allon malaman zaure: gida tara, lambobi 1 zuwa 9, jimlarsu 45. Raba ta uku, 15. Shi ya sa 5 ke zama a tsakiya, kuma ko ta kwance ka bi, ko ta tsaye, ko kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka tarar. Muhammad al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci kan gina irin waɗannan hatimai a 1732. Sai bayan shekara 45 aka haifi Gauss, a 1777.