Tikitin jirgi: a biya da kuɗi ko da maki?

Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram mai zuwa saro kaya Istambul ko Gwanju, da ma'aikacin gwamnati da ake aikawa taro ƙasashen waje, da wuya a rasa katin kamfanin jirgi a aljihunsu. Duk tafiyar da suka yi, kamfani yana zuba masu maki, wanda ake kira "mil". In makin ya taru, sai a ce masu za su iya karɓar tikiti kyauta. To amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wannan dabara ta bunƙasa ne a Amurka, inda kamfanin American Airlines ya buɗe tsarinsa a 1981, don ya riƙe abokan cinikinsa kada su koma wajen wani. Sauran kamfanoni suka bi sahu: Ethiopian Airlines na da ShebaMiles, Turkish Airlines na da Miles&Smiles, Royal Air Maroc na da Safar Flyer.

Abu na farko da ya kamata matafiyi ya sani: maki ba ya biyan tikiti baki ɗaya. Harajin filin jirgi da ƙarin da kamfani ke ɗorawa, da tsabar kuɗi ake biyansu. Saboda haka lissafin shi ne a ɗauki farashin tikiti, a cire abin da za a biya ko da an ba da maki, a raba saura da yawan makin.

Ga misali. A ce tikiti jikka 600 ne, ko kuma maki 60.000 da harajin jikka 150. Makin ya ɗauke wa mutum jikka 450 ke nan, wato kowane maki ya tashi dala ɗaya da rabi. In kasuwa ta yi sanyi tikitin ya sauko jikka 300, maki da haraji kuwa ba su motsa ba, kowane maki rabin dala ya tashi. A hali na farko a biya da maki, a na biyu a zaro kuɗi, tun da tikitin kuɗi yana ƙara maki, na maki kuwa galibi ba ya ƙara kome.

Sai dai lokacin da tikiti ke tsada, kamar Umrar azumi da hutun ƙarshen shekara, shi ne lokacin da kujerun maki ke wuyar samuwa, domin kaɗan ake warewa cikin kowane jirgi. Mai son su sai ya nema da wuri. Ɗan kasuwa kuma ya tambayi kilo nawa na kaya aka yarda masa, da nawa zai biya in ya sake rana.

An ce ajiya maganin wata rana, amma ban da ajiyar maki. Kowa na tune da watan Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Maki ya fi haka rauni, domin kamfani shi kaɗai ke yanke masa daraja. A watan Fabrairu 2024 Turkish Airlines ya ƙara yawan makin da yake nema a hanyoyi da dama, kuma makinsa yana mutuwa bayan shekara 3. Kamfanin kansa yana iya gushewa, kamar Air Afrique da ya durƙushe a 2002, ko ya bar zuwa, kamar Air France da ya dakatar da sauka Yamai a watan Agusta 2023.

Kada kuma a warwatsa maki a kati barkatai. Ethiopian da Turkish duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, ana iya tara tafiyar su biyun a kati guda. Haka nan kada mutum ya bar tikiti mai sauƙi ya sayi mai tsada don kwaɗayin maki, riba ta tafi ga kamfani. Da zarar maki ya isa tikiti, lissafi kuma ya nuna riba, a kashe shi.