Wasiƙar Da Ta Kusa Cinye Jarin Kawu

A hutun da ya wuce ina taya Kawuna zama a shagonsa na atamfa a Kantin Kwari. Shi ba ya karanta Turanci, saboda haka duk saƙon da ya shigo wayarsa ni yakan miƙa wa. Ran nan bayan azahar sai ga wasiƙar imel ɗauke da tambarin kamfanin da yake karɓar kuɗin ciniki ta wajensa. Wai an ga wani yana ƙoƙarin shiga asusunsa, in bai tabbatar da kansa cikin awa 24 ba za a rufe. A cikin asusun nan kuwa kuɗin sarin kayan Sallah suke.

Gabana ya faɗi. Nan da nan na latsa inda aka ce a latsa, wani shafi ya buɗe, kamarsa ɗaya da na kamfanin. Na tambayi Kawu kalmar sirri na rubuta. Sai shafin ya nemi lambobi 6 da aka aiko ta waya. Ina shirin rubutawa Kawu ya riƙe hannuna, ya ce, "Dakata, yaro. Wanda na ba ajiya shi ne zai aiko yana neman mabuɗi a wurina?" Muka kira lambar da ke bayan katinsa, aka ce mana ba su aiko da kome ba, mu sake kalmar sirri maza-maza. Da na rubuta lambobin nan, da jarin Kawu ya tafi, kuma da hannuna.

Tun daga ranar na shiga binciken wannan al'amari, ga kuwa abin da na samo domin 'yan'uwana ɗalibai.

Turawa suna kiran wannan cuta fishin, daga kalmarsu ta kamun kifi, mu kuwa sai mu ce zambar fatsa. Masunci yakan soka tana a ƙugiya ya jefa a ruwa ya zauna jira. Haka ɗan damfara yake aika wasiƙa iri ɗaya ga dubban mutane, ko kaɗan ne suka haɗiya ya ci riba. Sunan ya fara bazuwa ne wajen 1996, lokacin da ake sace wa masu hulɗa da kamfanin AOL na Amurka kalmomin sirrinsu. A 2000 kuma aka buɗe wani shafin ƙarya da ya kwaikwayi PayPal, aka sa babban harafin I a gurbin ƙaramin l na ƙarshe, domin a ido kusan ɗaya suke. Yau da biyan kuɗi ta waya ya game ƙasarmu, har kuɗin jarrabawa ta intanet muke biya, fatsar ta iso ƙofar kowa.

Abin lura shi ne, ɓarawon nan ba ya fasa ƙofa, kai yake so ka miƙa masa mabuɗi. Don haka makaminsa biyu ne, tsoro da kwaɗayi. Ko ya ce za a rufe asusunka, ko ya aiko da rasit na kayan da ba ka saya ba, ya ce in ba kai ba ne ka kira wata lamba, ko kuwa ya ce ka ci kyauta. 'Yan kasuwa kuma yakan aiko musu da wasiƙa cewa an biya kuɗin kaya, su saki kaya, alhali ko kwabo bai shiga ba. Duk dai so yake ka yi sauri kafin ka yi tunani.

To, yaya za a gane irin wannan wasiƙa? Da farko a dubi adireshin wanda ya aiko. Sunan da ke bayyana a sama kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama, sai an taɓa shi sa'an nan ainihin adireshin zai fito. A karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi. Na biyu, a dubi inda mahaɗin zai kai mutum. A kwamfuta a ɗora kibiya a kansa ba tare da an latsa ba, a waya kuwa a danne shi da yatsa na ɗan lokaci. Sunan gaskiya na shafi shi ne wanda ke dab da karan farko mai jirge, watau /. In an ga sunan kamfani a gaba, sa'an nan wani baƙon suna ya biyo kafin karan, to, gidan baƙon za a kai ka. Na uku, gaisuwa. PayPal yakan kira mutum da cikakken sunansa, ɗan damfara kuwa sau da yawa sai ya ce "ya kai abokin ciniki". Na huɗu, kuma shi ne babba, abin da ake nema. Babu banki ko kamfanin kirki da zai nemi ka aiko da kalmar sirri, ko lambar sirrin kati, ko lambobin da ake aikowa ta waya. Lambar BVN ma, mai lambobi 11, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, ba ta bayarwa ba ce ga duk wanda ya tambaya.

Amma fa kada a dogara ga alamu kaɗai. Da can akan gane su ta gurɓataccen Turanci, yanzu kuwa na'ura tana tsara musu wasiƙa tsaf. Ɗan kwaɗon nan da ake gani a gefen adireshi shi ma ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan ƙarya da yawa suna da shi. Saboda haka ni na kafa wa kaina doka guda: ba na shiga asusu ta hanyar da wasiƙa ta nuna mini. Sai in rufe ta, in buɗe manhajar kamfanin da kaina. In akwai matsala da gaske, a can zan gan ta. In an ce an biya, a can zan ga kuɗin.

Wanda ƙugiya ta riga ta kama, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sake kalmar sirri nan take, har a sauran wuraren da ya yi amfani da irinta, ya kira bankinsa a toshe katin, ya adana wasiƙar domin shaida, kana ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadar wa mai wannan zamba ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun.

'Yan'uwa, da yawanmu mu ne masu karanta wa iyayenmu saƙonni a gida, sun kuwa amince da mu don muna makaranta. Ni da karatuna na kusa jefa Kawu cikin hasara, shi da bai karanta ko kalma ɗaya ta wasiƙar ba ya tsamo mu, don kawai ya tsaya ya yi tambaya. Sauri ya haifi nawa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da ta iyayenmu, amin.