Me ke kashe ƙananan kifayen Rima a cikin kwalba?

Bayan ruwan Gulbin Rima ya janye daga fadama a ƙarshen damina, yara a Birnin Kebbi da Argungu kan kamo ƙananan kifaye a kududdufai, su zuba a kwalba su kai gida. Kafin kwana uku, yawancinsu sun mutu. Sai a ce ai kifin gulbi ba ya zaman gida. Yana zama mana. Ruwan kwalbar ne ke kashe shi, kuma ta hanyoyi uku.

Na farko, dafin da kifin ke fitarwa da kansa. Kifi na fitar da sinadarin amoniya, galibi ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai. A gulbi yalwar ruwa ke tafiya da shi, a kwalba kuwa taruwa yake har ya ƙone waɗannan gaɓoɓin. Maganinsa wasu bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da soson matacin ruwa. Rukuni ɗaya na mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma dafi ne, wani rukunin kuma, irin su Nitrospira, ya mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yawaita a sabon akwatin gilashi, akan ɗauki mako 4 zuwa 6. Don haka a fara da kifi kaɗan, abinci ɗan ƙanƙani, a riƙa canza kusan rubu'in ruwan kowane mako. Kada a wanke soson da sabulu fa, a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan da aka ɗebe.

Na biyu, zafi. Lita ɗaya ta ruwa a digiri 20 na iya riƙe oksijin kusan miligiram 9, amma a digiri 35 sai kusan 7. Ga shi kuma a zafi ne jikin kifi ya fi buƙatar oksijin, dafin amoniya ma ya fi ƙarfi. A Birnin Kebbi, zafin Afrilu kan haura digiri 40. Kwalbar lita biyu a bakin taga nan da nan take ɗumama, haka take saurin sanyi a daren hunturu. Akwatin lita 50 mai faɗin baki, a ɗaki mai inuwa, ya fi jurewa. Idan ka ga kifi na hamma a saman ruwa, iska yake nema. Tunda wuta ba ta da tabbas, famfon iska mai batir ya fi dacewa.

Na uku, kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. Yana lahanta kifi, yana kuma kashe bakteriyar nan da muke lallaɓawa. A bar ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni kafin a zuba.

Sannan a san abin da aka kamo. Ƙananan kifaye dangin Enteromius, masu yawo a garke, ba sa girma sosai, sun dace da akwati. 'Ya'yan tarwaɗa da na karfasa kuwa ƙanana ne yau kawai; tarwaɗa na girma ta cinye abokan zamanta. Kabawan da suka gaji su, waɗanda ke shiga Matan Fada da homa da gora a bikin kamun kifin Argungu tun 1934, da kallo ɗaya suke bambance su. A tambaye su.

Akwai kuma lafiyar yaran. Wasu ƙananan katantanwa na ruwan fadama na ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar mai tsayawa cikin ruwan. Kada a kawo katantanwar gida, kuma yaron da aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti.