Koyar da Tattalin Gida a Ƙasar Noman Rani

Tun daga shekarar 1974, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, sha'anin zaman gida a wannan yanki ya sauya ta wata fuska wadda, a iyakar ganina, malamanmu ba su ba ta hakkinta ba tukuna. Ƙasar da a da takan bushe ƙayau da rani, yau ga ta cikin danshi rani da damina. Ga alkama, ga shinkafa, ga tumatir, alhamdu lillahi, amma ruwan da ya raya gona ya kuma bi ta ƙarƙashin ƙasa ya iske gindin katanga.

Darasin tattalin gida ya shiga manhajar ƙananan sakandare tun lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, sai dai galibi abin da ake zana wa yara a allo shi ne falo da kujeru da labule, alhali yarinyar da ke kwafar zanen nan, in an tashi, gidan da za ta koma mai zaure ne da tsakar gida, inda mahaifiyarta ke turara shinkafa a rabin ganga, hayaƙi na shiga ɗakin kwana, ɓuntu ya taru a bayan madafi, buhunan takin zamani kuma suna jingine kusa da gado domin tsoron ɓarayi. Ilmin da bai san da wannan gida ba, ina fa'idarsa gare ta?

Da za a bi ta tawa, da sai malami ya ɗauki ɗalibansa, maza da mata baki ɗaya, ya tsaya da su a gindin wata katangar ƙasa, ya nuna musu farin gishirin da ke tsatsowa a jikinta kamar kanwa, ya sa su murza da yatsa su ga yadda ƙasar ke zuba, sa'an nan ya bayyana musu hikimar ɗaga harsashin gini, da yin daɓe mai gangara, da kafa indararo yadda ruwa zai faɗi nesa da bango. Magabatanmu ba su jahilci wannan fanni ba. Kura gari ne na marina, wanda turkuɗinsa ya kai har ƙasar Buzaye, kuma da katsin da ake kwashewa daga karofi, a haɗa da gashin jima da dafara, magina ke yin lason da ke hana soro yoyo, kamar yadda makubar ɗorawa ke ƙarfafa daɓe. Siminti ya zo, madalla da shi, amma sanin dalilin abu ya fi sanin sunan kayan aiki.

Sauran al'amarin na lafiya ne, kuma shi ne mafi nauyi. Kwatamin da ke kwance sauro yake haifarwa. Maganin feshi ba ya kwana ɗaki ɗaya da hatsi ko yara. Jarkarsa kuwa, ko an wanke ta sau nawa, ba ta dace da ruwan sha ba. Ɗalibin da ya karanta babin tsarki a Ahalari ko Ishmawi ba zai sha wahalar gane hukuncin raba masai da rijiya ba, muddin an haɗa masa karatun biyu. Jeren amarya da adon ɗaki suna da muhallinsu, bayan an sami taga mai shigar da iska da gidan sauro a kan gado.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam su gayyato magina da ma'aikatan lafiya na garuruwansu cikin aji, ko da sau ɗaya a zango, kafin damina ta faɗi.